Tracy Chapman a Wembley, 1988: Ranar da Mai Share Fage Ta Cike Gurbin Stevie Wonder

Yau za mu waiwayi ranar 11 ga Yunin 1988, lokacin da aka shirya gagarumin bikin waƙa a filin wasa na Wembley da ke Landan domin murnar cikar Nelson Mandela shekara 70 da haihuwa. A lokacin Mandela yana kurkukun Pollsmoor, a tsare tun 1962. Masu yaƙi da wariyar launin fata sun shirya taron ne don duniya ta matsa wa gwamnatin Afirka ta Kudu lamba ta sake shi. Mutane kimanin 72,000 suka cika filin, aka kuma watsa bikin kai tsaye ta talabijin zuwa ƙasashe fiye da 60.

Manyan mawaƙa sun hallara: Sting, Whitney Houston, Dire Straits, Miriam Makeba, Hugh Masekela, Salif Keita na Mali da Youssou N'Dour na Senegal. A cikinsu akwai wata budurwa 'yar Amurka mai shekara 24, Tracy Chapman, wadda galibin 'yan kallo ba su taɓa jin sunanta ba. Haifaffiyar Cleveland ce, ta yi karatu a Jami'ar Tufts, tana ɗaliba tana kaɗa jita a bakin titi da ƙananan shagunan shan kofi. Kundin waƙoƙinta na farko kimanin wata biyu ke nan da fitowarsa. Aikin da aka ba ta shi ne irin na mai share fage: ta rera waƙa uku da rana tsaka, ta sauka, manya su ci gaba. Ta rera, ta sauka.

Sai aka samu tangarɗa. Stevie Wonder, wanda ba a sanar da zuwansa ba don a ba jama'a mamaki, yana dab da hawa dandamali aka gano cewa faifan da ke ɗauke da kiɗansa na na'ura ba ya nan. Ya ce ba zai iya wasa haka ba, ya juya. Ga fili cike, ga miliyoyin mutane a gaban talabijin, dandamali kuwa wayam. Masu shirya taro suna neman wanda zai iya fitowa nan take, ba tare da an jera ganguna ko an gwada na'urori ba. Tracy ba ta buƙatar komai sai jitarta da makirufo. Aka ce ta koma.

Duk wanda ya kalli bidiyon zai ji muryarta tana ɗan rawa a farko, jama'a kuma suna ta hayaniya. Ta rera "Fast Car" da "Across the Lines". Kafin ta yi nisa hayaniyar ta lafa.

Nan ne darasin yake a gare mu masu riƙe alƙalami. Me ya sa filin ya yi tsit? Ba ta da 'yan amshi, ba ta da 'yan rawa, ba ta da suna. Abin da take da shi rubutu ne. "Fast Car" gajeren labari ne da aka ɗora a kan kiɗa: yarinya ta bar makaranta don ta kula da mahaifinta mashayi bayan mahaifiyarta ta tafi, tana aiki a kanti tana tara 'yan kuɗi, tana burin saurayinta mai mota ya fitar da ita daga talauci. Daga baya shi ma ya kama hanyar mahaifin nata. Babu wa'azi a ciki, babu kalma mai nauyi. Akwai mutum, akwai buri, akwai abin da ya hana burin cika. Waƙar da aka gina haka tana iya tsayawa da ƙafarta ko an cire mata duk wani ado.

Stevie Wonder ya dawo daga baya ya yi wasansa da kayan aro. Amma cikin 'yan makonni kundin Tracy ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, sannan a Amurka. A 1989 ta lashe kyautar Grammy guda uku, ciki har da ta sabuwar mawaƙiya mafi fice. An saki Mandela a ranar 11 ga Fabrairun 1990, kuma a watan Afrilun shekarar ya tsaya da kansa a wannan fili na Wembley ya yi wa jama'a godiya. A 2023, shekara 35 bayan fitowar waƙar, mawaƙi Luke Combs ya sake rera ta, ta kuma ci kyautar waƙar shekara ta ƙungiyar mawaƙan kiɗan karkara na Amurka. Marubucin waƙa ake ba wannan kyauta, don haka Tracy ce ta karɓe ta, kuma ita ce baƙar fata ta farko da ta taɓa samunta.

Kada mu ɗauka cewa duk mai share fage haka yake gamawa lafiya. A 1967 Jimi Hendrix ya share wa The Monkees fage, matasan da suka zo kallo suka ƙi sauraronsa, ya bar rangadin bayan 'yan wasanni. A 1981 an jefi Prince da kwalabe da abinci a Los Angeles lokacin da yake share wa Rolling Stones fage. Dukansu gwanaye ne, jama'ar ce ba tasu ba. Sa'a tana da nata rabon, ba mu musa ba.

Sai dai sa'ar ta tarar da Tracy da waƙa kammalalliya a hannu, wadda ta riga ta goge a gaban mutane goma ko ashirin. Mu da ake ba minti biyar a taron adabi kafin babban baƙo ya iso, ko rabin shafi a ƙarshen mujalla, ya kamata mu tambayi kanmu: in yau aka ce babban bai zo ba, fito ka cike gurbi, wane rubutu muke da shi a ƙasa wanda muka gama gyarawa? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya ɗauko labarinsa guda ɗaya a wannan mako, ya karanta wa mutum uku da babbar murya, ya lura da inda hankalinsu ya fara tafiya. Daga nan gyara zai fara.