Kafuwar RStudio, kamfanin da ya koma Posit

A farkon shekarun 1990 ne Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na R a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan. Masana ƙididdiga sun karɓe shi hannu bibbiyu, sai dai aiki da shi akwai jan rai: umarni a wannan taga, zane a waccan, bayanan bincike kuma a wani lungu daban.

J.J. Allaire, maginin manhaja da ya yi suna da manhajar ColdFusion tun 1995, shi ya hango wannan giɓi. A 2009 ya kafa kamfanin RStudio a birnin Boston na Amurka, kuma a Fabrairun 2011 manhajarsa mai wannan suna ta fito fili. Dabarar ba ta da sarƙaƙiya. An raba allo gida huɗu: inda ake rubuta umarni, inda ake gwada shi nan take, inda bayanai ke jere, da inda zane ke fitowa. Mai bincike ya sami komai a ɗaki guda, ba sai ya yi ta kai da komo ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, kyauta aka ba da ita, har da rubutun da aka gina ta da shi. To ina kuɗin shiga? Daga manyan kamfanoni, irin su masu haɗa magunguna da bankuna, waɗanda ke sayen nau'in da ma'aikata da yawa za su yi aiki a kai tare. Kuɗinsu ke ɗaukar nauyin abin da ɗalibi ke saukewa ba ko sisi.

A 2012 aka fitar da Shiny, mai mayar da sakamakon bincike shafin intanet. Hadley Wickham, mai kayan aikin zane na ggplot2, ya shigo kamfanin, kuma a ganina zuwansa ya fi kowane talla amfani, domin kayan aikinsa ne suka jawo dubban sababbin masu koyo. Siga ta 1.0 ta manhajar RStudio kuwa ba ta fito ba sai Nuwamban 2016.

A 2020 kamfanin ya sanar da sauya rajistarsa zuwa ta kamfani mai la'akari da amfanin jama'a, ba riba kaɗai ba. A 2022 kuma ya koma Posit, don masu amfani da harshen Python su daina ɗaukarsa na 'yan R zalla. Ita manhajar dai har yau sunanta RStudio.