Kuran Daga: Yadda Mawaƙa Suke Zana Hoto da Baki

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Zermu, cikin ƙasar Mirya, da na sauran garuruwan Damagaram. Darasinmu na yau a kan adon magana ne.

Ku dubi sunan Sarkin Damagaram Amadu, wanda ya hau gadon sarauta a 1893. A zamaninsa aka kashe Kyaftin Kazmaju, Bafaranshe, a Zinder a 1898. A 1899 Faransawa suka ci rundunarsa a Tirmini, shi kuma aka kashe shi a shekarar. Har yau da wuya a ambace shi ba a ce Kuran Daga ba.

Kure shi ne namijin kura. Daga kuwa ita ce fagen fama. To, sarki dabba ne? A'a. Wanda ya yi masa wannan kirari bai kawo kurar tatsuniya ba, mai kwaɗayi da wauta. Hali ɗaya ya zaɓa: haƙorin da ke fasa ƙashi, da tsoron da ke kama garke da dare. Da kalma biyu ya nuna mana mayaƙi tsaye a gaban abokan gaba.

Hanya biyu mawaƙi yake bi. Ta farko kamantawa: ya ce wane kamar kure yake. Ta biyu siffantawa: ya jefar da "kamar", ya ce wane kure ne. Ta biyu ta fi ƙarfi, shi ya sa makaɗan fada suka fi son ta.

Amma a yi hattara. Makaɗin fada yabo ne sana'arsa, kuma da kyauta yake ci. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa an ƙera igwa. Idan makaɗi ya yabi ganuwa, mai hankali ya tuna da talakawan da suka ɗauki ƙasa a ka.

Tsofaffin da suka san kirarin sarakuna suna ƙarewa, kuma abin da ba a rubuta ba yakan bi mai shi kabari. Yanzu kun iya alƙalami. Kowa ya je wurin wani dattijo, ya rubuto kirari ɗaya. A aji ku tambayi juna: da me aka kwatanta mutumin, kuma wane hali aka zaɓa?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.