Yadda motar lantarki ta ɓace, ta kuma dawo

Da yawanmu mun ɗauka motar lantarki sabon abu ce. A'a, ta girmi kakanninmu. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Ba hayaƙi, ba ƙara, kuma ba sai an murɗa ƙarfe da hannu kafin ta tashi ba.

To me ya kashe mata kasuwa? Tsada da gajeren zango. Kamfanin Ford ya fito da Model T a 1908. Zuwa 1912 kuɗinta wajen dala 650 ne, ta lantarki kuwa dala 1,750. A shekarar ne Cadillac ya sa wa motocinsa sitata, wahalar murɗawa ta ƙare. Batirin darma kuwa ga nauyi ga saurin mutuwa, ƙauyuka kuma ba wuta.

Batirin lithium ne ya farfaɗo da ita. Tesla Model S ta 2012 tana cin sama da kilomita 400 a caji ɗaya. Daga 2010 zuwa yau farashin batir ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma tambayar mutanen ƙauye ta 1912 tana nan daram: a ina za a yi caji?