Auna Ƙwazon Malamai da Yarjejeniyar Ƙungiya a Makarantun Gwamnati: Nazari kan Abin da ya Faru a Amurka daga 2009 zuwa 2018

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yunƙurin da aka yi a Amurka na auna ƙwazon malaman makarantun gwamnati da sakamakon jarrabawar ɗalibansu, da taƙaddamar da hakan ta haifar tsakanin hukumomin ilimi da ƙungiyoyin malamai. Maƙalar ta nuna cewa kaifin ma'auni bai isa ya gyara koyarwa ba, sai malamai sun yarda da adalcinsa, kuma yarjejeniyar aiki ita ce inda ake ƙulla wannan yarda.

Gabatarwa

A mafi yawan manyan biranen Amurka, hukumar ilimi ta gunduma da ƙungiyar malamai kan zauna su ƙulla yarjejeniyar da ke fayyace albashi da lokutan aiki da matakan da za a bi kafin a sallami malami. An daɗe ana zargin waɗannan yarjejeniyoyi da ɗaure wa ragwaye gindi. Zargin ya ƙara ƙarfi a 2009, lokacin da wani rahoto kan gundumomi 12 a jihohi huɗu ya gano cewa a inda ake raba malamai gida biyu, mai gamsarwa da marar gamsarwa, fiye da kashi 99 cikin ɗari ne ke samun shaidar gamsarwa. A shekarar ce kuma gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4.35 a matsayin gasa tsakanin jihohi, aka fifita waɗanda suka amince su haɗa kimar malami da ci gaban ɗalibansa. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: shin yarjejeniyar ƙungiya ce ta hana ruwa gudu, ko kuwa matsalar tana wani wuri dabam?

Ma'auni da iyakarsa

Ginshiƙin sabon tsarin shi ne lissafin ƙarin ilimi. Ana duba makin da ɗalibi ya samu bara da yanayin gidansu, a yi hasashen abin da ya kamata ya samu bana, sannan a ɗora wa malami bambancin da ke tsakanin hasashen da ainihin makin. Hikimar abin a fili take, domin tana neman kada a hukunta malamin 'ya'yan talakawa saboda talaucin ɗalibansa. Sai dai a 2014 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta ja kunne cewa mafi yawan bincike na nuna abin da za a iya jingina wa malami daga bambancin makin ɗalibai yana tsakanin kashi 1 zuwa 14 cikin ɗari ne kawai. Bugu da ƙari, makin malami ɗaya na iya hawa bana ya sauka baɗi ba tare da ya sauya komai a ajinsa ba, kuma galibin malamai, kamar na zane da motsa jiki da ƙananan azuzuwa, ba a yi wa darussansu irin wannan jarrabawa. A birnin Huston, wani alƙalin kotun tarayya ya nuna a 2017 cewa malamai ba su da hanyar tantance makinsu, tunda kamfanin da ya ƙirƙiri lissafin ya riƙe shi a matsayin sirrin kasuwanci, daga bisani hukumar ilimin birnin ta amince ta daina korar malamai da shi. A Atlanta kuwa, binciken jiha na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a maguɗin jarrabawa, ciki har da goge amsoshin ɗalibai a gyara musu, kuma a 2015 kotu ta sami 11 da laifi. Duk sa'ad da abincin mutum ya rataya a kan lamba ɗaya, lambar ce za ta fara lalacewa.

Hujja mafi nauyi ta fito ne a 2018, lokacin da cibiyar RAND ta kammala nazarin wani shiri na auna ƙwazon malamai da ya ci kimanin dala miliyan 575, wanda gidauniyar Gates ta tallafa wa, ta kuma bayyana cewa bai ɗaga sakamakon ɗalibai yadda aka yi fata ba. Kafin nan, a 2017, masu bincike Kraft da Gilmour sun nuna cewa a mafi yawan jihohi 24 da suka duba, waɗanda ake ba shaidar rashin gamsarwa har a lokacin ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, duk da sauya dokoki. Shugabannin makarantun da aka tattauna da su sun kawo dalilai irin su ƙarancin lokaci, da nauyin fuskantar abokin aiki, da fargabar rashin samun wanda zai maye gurbinsa. Waɗannan matsaloli ba su cikin yarjejeniyar ƙungiya, don haka soke ta ba zai kawar da su ba.

Inda yarjejeniya ta zama kayan aiki

A 1981, ƙungiyar malaman Toledo a jihar Ohayo, ƙarƙashin jagorancin Dal Lawrence, ta cim ma wani tsari da hukuma. Ana cire gogaggen malami daga aji na ɗan lokaci, a ba shi sababbin malamai da tsofaffin da aikinsu ya yi rauni, ya zauna a azuzuwansu, ya duba shirin darasinsu, ya nuna musu gyara, sannan ya kai rahoto gaban kwamitin haɗin gwiwa na ƙungiya da hukuma, wanda ke ba da shawarar a riƙe malami ko a sallame shi. A nan ƙungiya da kanta take sa hannu a sallamar ɗanta, kuma da wuya a ce zalunci ne, domin an riga an ba shi taimako da wa'adi. A Sinsinati, inda tsarin tantancewarsu ya samo asali daga yarjejeniya, a da ana shiga ajin malami sau huɗu a shekarar tantancewa, uku daga ciki ɗan'uwansa malami ne ke dubawa. Masu bincike Taylor da Tyler sun nuna a 2012 cewa ɗaliban malaman lissafi sun ci gaba da samun maki mafi kyau a shekarun da suka biyo bayan tantancewar, alamar cewa malaman sun koyi wani abu da ya zauna musu.

Amsar masu suka

Mai suka zai kawo misalin birnin Washinton, inda shugabar makarantun birnin ta lokacin, Michelle Rhee, ta ƙaddamar da tsarin IMPACT a 2009 ba tare da ciniki da ƙungiya ba, kuma masu bincike Dee da Wyckoff suka nuna a 2015 cewa barazanar kora ta sa raunanan malamai da dama sun ajiye aiki, waɗanda suka rage kuma suka ƙara ƙoƙari. Wannan gaskiya ne, amma tsarin bai tsaya da ƙafa ɗaya ba. Yarjejeniyar 2010 ta kawo ƙarin albashi na sama da kashi 21 cikin ɗari a shekaru biyar, ladan ƙwazo ya kai dala 25,000, a lokacin ana shiga aji sau biyar a shekara, kuma a 2012 an rage nauyin lissafin ƙarin ilimi daga kashi 50 zuwa 35. Gunduma marar irin wannan kuɗi da ta ɗauki barazanar ita kaɗai ba za ta ga irin wannan sakamako ba. Wani kuma zai ce ƙungiya 'ya'yanta take karewa, ba ɗalibai ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin wasu yarjejeniyoyi kan ja maganar sallama tsawon shekaru, kuma ya wajaba a taƙaita su. Amma yajin aikin Shikago na 2012, wanda ya rufe makarantu kwana bakwai, bai ƙare da soke tantancewa ba, ya ƙare ne da tsayar da nauyin sakamakon ɗalibai a kashi 30, gwargwadon abin da dokar jihar ta wajabta. Rigimar a kan yadda za a auna ce, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Kammalawa

Darasin ya shafi Nijeriya, inda a 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar cancanta, abin da ya kai ƙungiyar malamai ta ƙasa reshen jihar ga yajin aiki a Janairun 2018. Jarrabawar rana ɗaya tana iya bankaɗo wanda bai san darasinsa ba, amma ba ta koya wa kowa koyarwa. Don haka maƙalar na ba da shawarar a rubuta abubuwa huɗu cikin kowace yarjejeniya: ma'auni fiye da ɗaya, masu dubawa da aka horar, taimako mai wa'adi ga wanda ya gaza, da hanyar ɗaukaka ƙara mai sauri. Hukumar da ke son sallamar malamin da ya kasa ta bi ta wannan hanya, ƙungiyar da ke son a girmama sana'arta kuma ta karɓi nauyin tsaftace ta.