Tarihin Jikin Mota da Aikin Dalma

A farkon zamanin mota, masu yin keken doki su ne ke yi mata jiki. Kafinta ya kan kafa ginshiƙai na itace, sa'an nan maƙeri ya bubbuge fallayen ƙarfe da guduma, ya kafe su a kan itacen da ƙusoshi. Aikin yana da kyau, amma yana cin lokaci, itacen kuwa in ya sha ruwa da girgizar hanya sai ya saki.

Wani Ba'amurke wai shi Edward Budd shi ne ya sāke wannan al'amari. A shekara ta 1912 ya kafa ma'aikata a birnin Filadelfiya. Can manyan injuna ke danne fallen ƙarfe har ya ɗauki siffar ƙofa ko gefen mota, daga nan a harhaɗa su da walda. Motocin Dodge na farko, waɗanda suka fito a 1914, da jikin ƙarfe na Budd suka fito. André Citroën ya kai wannan dabara Faransa a 1924, William Morris kuma ya haɗa kai da Budd suka kafa irin wannan ma'aikata a Cowley ta Ingila a 1926.

To, amma akwai sauran aiki. Jikin mota ba falle ɗaya ba ne. Duk inda falle biyu suka haɗu, kamar mahaɗin rufi da gefen baya, walda ta kan bar kwari da tabo, fenti kuwa ba ya ɓoye su. Maganin da aka samu shi ne dalma. A kan gauraya kashi 70 na dalma da kashi 30 na kuza, watau irin ƙarfen nan na ƙasar Jos. Ma'aikaci ya goge mahaɗin sarai, ya shafa masa ruwan magani da kuza kaɗan domin dalmar ta kama. Sa'an nan ya gasa sandar dalma har ta yi laushi kamar man shanu, ya shimfiɗa ta da ɗan katako wanda aka tsoma cikin kitse don kada ta manne masa. In ta huce ya bi ta da magagari, har hannu ya kasa gane inda mahaɗin yake. Gwanintar tana ga wutar, gama in ta yi yawa dalmar ta zube ƙasa, fallen kuma ya lanƙwashe.

Sai dai dalma guba ce. Ƙurarta ta kan shiga jiki ta hanci da baki, ta taru a hankali, ta ɓata jini da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Wajen shekara ta 1955 aka fito da wani ƙulli na roba a Amurka, wanda masu gyaran mota ke kira fila. Ba ya bukatar wuta, ga araha, ga saurin bushewa. Sannu a hankali dalma ta fita daga garejoji da ma'aikatu.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Masu raya motocin dā har yanzu suna yanke fallen da tsatsa ta ci, su auna sabo, su ɗiga walda nan da can don kada zafi ya taru wuri guda. Da yawansu sun fi son dalma a mahaɗi, domin ba ta shan ruwa, fila kuwa in an lafta shi da kauri ya kan tsage. Sharaɗinta biyu ne. Na farko, a wanke ruwan maganin nan tas, in ba haka ba tsatsa ta tsiro ƙarƙashin fenti. Na biyu, a rufe hanci da baki, kada kuma a goge ta da inji, sai da magagari a hannu. Wanda ya kiyaye waɗannan ya tsare motar, ya kuma tsare lafiyarsa.