Kaɗaicin samarinmu a majigi, daga Abijan zuwa Kara-Kara



In aka ce kaɗaici, finafinan Turawa sukan nuna mana yaro shi ɗaya a ɗaki, ƙofa a kulle. Mu nan ba haka namu yake ba. Saurayinmu yana tsakiyar fada, ana zuba shayi ana dariya, amma ba mai tambayarsa abin da ke cin ransa. Wannan irin kaɗaicin ne masu shirya fim na Nijar suka fi shekara 60 suna nunawa, ko da yake da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin finafinan ba.

A 1958 Bafaranshen nan Jean Rouch ya fitar da fim mai suna Moi, un noir, kan samarin Nijar 'yan ci rani a unguwar Treichville ta Abijan. Babban ɗan wasansa shi ne Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indochine, wanda a lokacin yake dako a tashar jiragen ruwa. Samarin sun ari sunayen taurarin silima, shi Ganda ana ce masa Edward G. Robinson. Suna kwana cikin birni mai cike da mutane, amma ba wanda ya san sunansu na yanka. Duk wanda ya taɓa tura baro ko sayar da ruwa a Kano ko Legas ya san wannan hali.

Da Ganda ya koma gida ya kama shirya fim da kansa. Fim ɗinsa Cabascabo, da aka nuna a bikin Cannes a 1969, labarin soja ne da ya dawo Yamai da kuɗi. Abokai suka yanyame shi, aka ci aka sha, da aljihu ya bushe kowa ya kama gabansa. Mu ma mun sha ganin haka. Yaro ya dawo daga Libiya ko Aljeriya da sabuwar waya, fada ta cika, bayan wata biyu ko gaisuwarsa da kyar ake amsawa. Wanda ya dawo hannu rabbana kuwa, kunya kan sa ya ƙi fitowa.

Sai zamanin bidiyo. Bayan Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, kaset-kaset na finafinan Hausa suka riƙa shigo mana ta Ɓaɓura da Maigatari, gidajen kallo suka cika. Nan kaɗaici ya ɗauki wata kama: maraya a hannun kishiyar uwa, budurwar da aka yi wa auren dole, talakan da aka hana wadda yake so. Sai dai galibi waƙa da rawa ke rufe zancen, a ƙarshe a ɗaura aure. Saurayin da ya gama makaranta ba aiki, ko wanda gonar gado ba ta isa a raba ba, bai cika samun fili ba. Daga baya tashar Arewa24, da aka buɗe a 2014, ta matso kusa da gaskiya da shirin Daɗin Kowa, inda muka ga almajirai da 'yan shaye-shaye kamar yadda suke a unguwa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne fim ɗin Zinder na 2021, na Aicha Macky, haifaffiyar Damagaram. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da can, ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira palais. Mun ga masu ɗaga ƙarfe, da ɗan kabu-kabu, da masu fasa-ƙwaurin mai daga iyakar Nijeriya, sana'ar da ba baƙuwa ba ce a hanyoyinmu. Abin da fim ɗin ya nuna shi ne gari ne ya fara juya musu baya, sannan suka haɗa kansu suka zama dangin juna, da alherin hakan da sharrinsa.

Yanzu majigin ya koma tafin hannu. Samari 10 kan tabarma ɗaya, kowa ya duƙufa kan TikTok. Amma wayar nan tana da kyamara. Har yau labarin saurayin Wacha ko Bande ko Dogo-Dogo da ke zaman jiran damina yana jiran mai ɗaukarsa, kuma yaranmu sun fi kowa sanin yadda yake.

Kafin nan, iyaye da shugabannin fada, mu duba wa ya daina zuwa, wa ya dawo daga tafiya ya yi shiru. A leƙa shi, a kai masa ko kofin shayi ne. Wanda ya kalli ɗaya daga cikin finafinan nan, ya faɗa mana abin da ya gani.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo da matafiyanmu lafiya.