Sama ko Ƙarƙashin Tsoka: Tarihin Dashen Mama

Kafin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare a Shika a 2005, Tudun Wadan Zariya ce mazauninsa. Nan iyayenmu mata da sankarar mama ta kama suke zuwa, da yawansu bayan ciwon ya yi nisa. Cikin abubuwan da ke tsare su a gida har da tsoron a ce za a yanke.

Tsoron yana da asali. A 1894 William Halsted, likitan fiɗa a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya bayyana aikin da ya zama ƙa'ida shekaru da dama: a cire mama, da tsokar ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Rai kan tsira, amma ƙirji sai ya koma fata bisa haƙarƙari. Sai a 1948 David Patey ya nuna a Landan cewa ana iya barin babbar tsokar ba tare da an cutar da majinyaciya ba. Wannan tsoka da aka bari ita ce daga baya ta zama tushen gyara.

A 1962 Thomas Cronin da Frank Gerow suka fara dasa jakar silikon a Houston. Da fari a saman tsoka ake sa ta. Matsalar ita ce jiki kan naɗe baƙon abu da tabo, wani lokaci tabon ya ɗaure har maman ya taurare, ya yi ciwo. A 1968 Dempsey da Latham suka mayar da jakar ƙarƙashin tsoka. Taurin ya ragu, jakar ta samu rufi, sai dai jinyar ta fi zafi, kuma maman kan motsa idan aka yi aikin ƙarfi da hannu, kamar daka ko jan guga. A 2001 John Tebbetts ya raba gardama: tsoka ta rufe saman jakar, a bar ƙasanta. Yau kuma likitoci da dama sun koma saman tsoka wajen gyara bayan sankara, muddin fatar da ta rage tana da kauri da lafiya.

A wannan sharaɗin tarihin ya iso ƙofarmu. Idan ciwo ya huda fata ya kama tsoka, babu abin da zai riƙe dashe, gashin na'ura kuma yana ƙara haɗarin taurin tabo. Zaɓin da likitoci suka shafe fiye da shekara sittin suna tacewa na wadda ta zo da wuri ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ɗayarmu ta ji ƙullutu, mu raka ta asibiti a makon, mu kuma tambayi likitan fiɗa yadda za a gyara, tun kafin a shiga tiyata.